AKWATIN WASA NA GYALLESU

Kwanan baya wani malamin makaranta, tsohon mai karanta jaridan nan, ya aiko mana da takarda daga Gyallesu ta Zariya. Takardar ba ta da tsawo, amma da ganin rubutun ka san mai ita yana cikin damuwa. Ya ce akwai ɗan ƙanwarsa wanda ya ke riƙo tun rasuwar uban. Yaron ya gama sakandare bara, bai sami shiga jami'a ba tukuna, ga shi yau wata biyu ke nan ba shi da aiki sai kai da kawowa tsakanin rumfar kafinta da rumfar mai gyaran rediyo, yana haɗa wani akwati mai sanda da maɓallai, wai na wasan kwamfuta ne. Har tsohuwar kwamfutar malamin ta tafi-da-gidanka ya ɗauke ya kai ɗakinsa. A ƙarshen takardar malamin ya tambaye mu, shin ya hana shi ne, ko kuwa ya ƙyale shi?

Ba mu ga ya kyautu mu yanke hukunci bisa abin da ba mu gani da idonmu ba, tun da ya ke gani ya kori ji. Saboda haka ran Asabar da hantsi muka tafi.

Waɗanda suka yi kos a Kongo ba su bukatar a kwatanta musu Gyallesu. Unguwa ce mai maƙwabtaka da Kongo da Tudun Wada, ba nisa da ganuwar birnin Zazzau. A Kongon nan ne aka fara horad da akawunan En'e tun 1947, kafin makarantar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a wannan shekara ce aka kafa babbar makarantar horon malamai da ke nan Gyallesu. Don haka unguwar ta daɗe da sabawa da ɗalibai da irin bukatunsu. Ga rumfunan buga takardu, ga na cajin waya, ga kuma ɗakunan da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a talabijin da PlayStation. A irin waɗannan ɗakuna ne yaron ya kamu da son abin, tun yana aji biyu na sakandare.

Muka tarad da malamin a zaure, muka gaisa, ya kira yaron. Sai ga shi ya fito rungume da akwati na katako, faɗinsa bai wuce kamu biyu ba, ya durƙusa ya gaishe mu ya ajiye shi bisa tabarma. A saman akwatin akwai sanda guda, gajera, mai ƙwallo a kanta, da maɓallai shida manya a jere sahu biyu, da waɗansu biyu ƙanana daga sama. Waya guda ta fito ta baya.

Malamin ya nuna akwatin da haɓa ya ce, "To, Malam, ga abin da ya cinye mana wata biyu."

ASALIN ABIN

Kafin mu faɗi abin da muka gani a cikin akwatin, sai mu koma baya kaɗan, domin wanda bai san asali ba ba zai gane dalilin wahalar yaron ba. A 1972 wani kamfani na Amurka mai suna Atari ya fito da wani inji mai kama da kabad, tsayinsa kusan na mutum, da talabijin a ciki. In ka jefa tsabar kuɗi a wata 'yar kafa sai ya ba ka damar yin wasa. Sunan wasan Pong. Daga nan abin ya bazu. Kamfanin Taito na Japan ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya kawo Pac-Man a 1980, Capcom ya kawo Street Fighter II a 1991, wanda dambe ne tsakanin mutum biyu, kana Midway na Amurka ya biyo da Mortal Kombat a 1992. A kan jera irin waɗannan injuna a ɗaki guda, matasa su yi ta layi da kuɗinsu a hannu, a Japan tsabar yen 100, a Amurka ta santi 25. Galibin yaran ƙasan nan ba ta waɗannan manyan injuna suka san wasannin ba, sun san su ne ta ƙananan na gida, irin su Sega da Nintendo, waɗanda a ke haɗawa da talabijin.

To, inji ba ya dawwama. Talabijin ɗin ciki ya kan mutu, allunan su lalace, kamfani ya daina yin kayan gyara, wani kamfanin ma ya rufe gaba ɗaya. Wani bincike da wata gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a can kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Tun kafin a kai ga wannan lissafi wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya hango inda aka dosa. Ran 5 ga Fabrairu, 1997, ya fitar da wata manhaja mai suna MAME, wadda har yau masu aikin sa kai daga ƙasashe dabam dabam su ke ci gaba da ƙara mata, kuma kyauta a ke samunta.

Aikinta kwaikwayo ne. Ko wane injin wasa na da yana da ƙwaƙwalwarsa, watau waɗansu 'yan na'urori bisa allo, yana kuma da dokokin wasan a rubuce cikin waɗansu 'yan gutattakin ajiya da a ke kira ROM. Manhajar kwaikwayo ita ce ke sa kwamfuta ta yi shigar wancan inji, ta yi tafiyarsa, ta yi maganarsa, har dokokin wasan su zaci a gidansu na asali su ke, su kama aiki. Masu MAME sun sha faɗi cewa babban nufinsu shi ne adana tarihin injunan, yin wasan kuwa riba ce ta biyo baya. Akwai waɗansu manhajoji irinta, kamar RetroArch, akwai kuma masu ɗora su bisa Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ta fito a Ingila a 2012. Shi dai yaron namu MAME ya sa bisa tsohuwar kwamfutar kawunsa mai Windows.

Abu guda ne manhaja ba ta iya kwaikwaya, shi ne abin da hannu ke riƙewa. An ƙera wasannin nan ne domin sanda da manyan maɓallai. A Street Fighter II akwai wani sara da ba ya fita sai ka ja sanda ƙasa, ka zagayo da ita kusurwa, ka kai ta gaba, sa'an nan ka danna naushi, duk cikin ƙiftawar ido. Muka tambayi yaron me ya hana ya yi haka da allon haruffan kwamfutar. Ya sunkuyad da kai ya ce, "Da shi na fara, ranka ya daɗe, har haruffa biyu suka fita. Shi ne Kawu ya ce ko in nemi wata dabara ko in ajiye masa kayansa." Ban da ɓarna kuma, allon haruffa na yau da kullum an yi shi ne don mai buga takarda, wanda ke danna harafi ɗaya bayan ɗaya. In aka danna da yawa gaba ɗaya, kamar yadda masu dambe biyu za su yi, sai ya ji waɗansu ya ƙi jin waɗansu.

CIKIN AKWATI

Muka ce ya buɗe. Ya kwance ƙusoshi huɗu ya ɗaga marfin, muka leƙa. Gaskiya mun yi tsammanin za mu ga abin da zai ruɗa mu, sai muka ga ashe duk abin da ke ciki makunnai ne, irin makunnin fitilar ɗaki, sai dai ƙanana. Ko wane maɓalli yana da makunni guda a ƙarƙashinsa. In ka danna, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, hanyar wuta ta haɗu, in ka saki ta rabu. Sandar ma haka ta ke, makunnai huɗu ne kewaye da gindinta, na sama da na ƙasa da na hagu da na dama. In ka tura ta kusurwa sai ta danne biyu tare, daga nan wasan ya ke gane ka nufi sama da dama, ko ƙasa da hagu. Watau da makunnai huɗu a ke samun fuska takwas.

Maɓallan iri biyu ne a kasuwar duniya. Akwai na Japan, waɗanda kamfanonin Sanwa da Seimitsu suka shahara da su, masu taushin dannawa, ramin manyansu milimita 30, na ƙananan 24, ƙafafun makunninsu biyu. Akwai kuma irin na Amurka, masu tsawo, masu ƙara in an danna, raminsu wajen milimita 28, makunninsu kuwa ƙafa uku gare shi. A nan sai an lura. An rubuta COM a ƙafa ɗaya, NO a ɗaya, NC a ta uku. COM da NO a ke so, domin su ne ke rabe sai an danna su haɗu. Wanda ya kuskure ya sa waya a NC zai ga maɓallinsa kullum a danne, sai in ya danna ne zai saki, abin ya zama baibai. Ya kamata kuma a sami maɓallan a hannu kafin a je wurin kafinta. Yaron ya nuna mana marfi na farko da ya lalace, wanda aka huda kafin kayan su iso, ramukan duk suka yi wa maɓallan kaɗan, da aka zo faɗaɗawa katakon ya tsage.

Makunni ba ya jin harshen kwamfuta, kwamfuta ba ta jin nasa. Saboda haka akwai wani ɗan allo a tsakani, wanda bai kai akwatin ashana biyu ba, duk wayoyin makunnan suna zuwa gare shi, daga gare shi kuma waya guda ta USB ta tafi kwamfuta. Mu dai mun raɗa masa suna tafinta, gama aikinsa ke nan, kamar wanda ya kan tsaya tsakanin Di'o da talakawa a zamanin da. Dattawa sun san irin abin da ya kan faru in tafinta ya juya magana. Wannan tafinta iri biyu ne. Wani ya kan gaya wa kwamfuta cewa shi allon haruffa ne, in ka danna maɓalli sai ta ga kamar harafi ka buga. Wanda aka fi sani a wannan iri shi ne I-PAC na kamfanin Ultimarc a Ingila, wanda ke zuwa da haruffansa a shirye daidai da na MAME. Wani kuwa ya kan ce shi hannun wasa ne, irin wanda yara ke riƙewa a ɗakin PlayStation. A wannan iri akwai mai arha da a ke yi a Sin, wanda a ke sayarwa da sunan Zero Delay, shi ne yaron ya sa. Wanda bai sami ko ɗaya ba ya kan farke tsohon hannun wasa na USB, ya like wayoyi da dalma a wuraren da maɓallansa ke taɓawa, ko da ya ke wannan sai mai haƙuri da tsayayyen hannu.

Wajen jan waya ma akwai bambanci. A waɗansu alluna a kan ja waya guda ta bi ƙafar COM ta ko wane makunni bi da bi, kamar igiyar da ta ɗaure raƙuman ayari, sa'an nan ko wane makunni ya aika tasa waya guda zuwa allo. A allon yaron kuwa ko wane maɓalli da wayarsa biyu da ɗan soket nasa, ba a haɗa na wani da na wani. Kada a ɗauki dabarar wannan a kai wa wancan. Abin da ya faranta mana rai shi ne duk wutar da ke cikin akwatin ba ta wuce bolt 5 ba, wadda ta ke zuwa ta USB, ba ta jan kowa. Malamai su riƙe wannan.

Mai gyaran rediyon unguwar ne ya koya masa gwada ko wane makunni da mita tun kafin a ɗaura shi, a sa ta inda ta ke yin ƙara in hanya ta haɗu, a danna a ji. Duk da haka ran da ya fara gwada sandar, in ya tura sama sai mutumin cikin wasan ya durƙusa, in ya ja ƙasa ya yi tsalle. Kwana biyu yana zargin allon. Ashe laifin na lissafinsa ne. Sandar tana da maƙogwaro a tsakiya inda ta ke juyawa, in kanta ya tafi gaba gindinta baya ya ke zuwa. Makunnin da ke amsa sama, in ka kifa akwatin ka duba, yana wajen cikinka ne. Ya musanya wayoyi biyu abin ya daidaita.

AIKIN RAJISTA

A nan ne muka ga aikin ya koma na akawu. Akwati ya haɗu, tafinta yana magana, amma manhajar ba ta san wane maɓalli ne naushi wane ne shuri ba. Allon lambobi kawai ya ke aikawa, na ɗaya ya motsa, na biyar ya motsa. Sai an zauna an rubuta wa ko wace lamba sunanta, kamar yadda a ke cika littafin haraji, suna ga lamba, lamba ga suna. Duk akawun da ya taɓa rubuta kuɗin wane a gaban sunan wane ya san ba a gane kuskuren sai ranar da rigima ta tashi.

Yaron ba ya fara buɗe MAME sai ya tabbata Windows ta ga akwatin. Ya kan danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta joy.cpl, ya zaɓi sunan allon, sai wani shafi ya fito mai 'yan da'irori masu lamba da wata 'yar alama a tsakiyar murabba'i. In ya danna maɓalli da'irarsa ta haska, in ya motsa sanda alamar ta bi. Muka ga hikimar wannan. In abu bai haska a nan ba, ciwon yana cikin akwati, waya ce ko makunni, ba sai ka ɓata dare kana tonon manhaja ba. In kuwa duk sun haska, to, ka rufe akwatinka, sauran magana tana cikin rajista.

Sa'an nan ya buɗe wasa ya danna Tab. Jerin umarni ya fito, da Turanci, ya shiga inda aka rubuta Input Settings. Rajista biyu ce a ciki. Ɗaya ta dukan wasanni ce, ɗaya ta wasan da ke buɗe kaɗai. Ƙa'idar da ya ke bi, mu ma mun yarda da ita, ita ce a cika ta gaba ɗaya tukuna, kada a taɓa ta biyun sai wasan da ya bambanta. Yadda a ke cikawa kuwa babu wuya. Ka kai kan layin, misali sama ta ɗan wasa na ɗaya, ka danna Enter, ka tura sandar sama, manhajar ta rubuta. Haka za ka bi ƙasa da hagu da dama, da maɓalli na 1 har na 6, kana maɓallin farawa da na kuɗi.

Na kuɗin nan ya ba mu dariya. Tun da ya ke manhajar kwaikwayon injin ta ke yi ba ragi, wasan ba zai tashi ba sai ya ji an jefa tsaba. A allon haruffa lamba 5 ce ke tsayawa a madadin tsabar ɗan wasa na ɗaya, lamba 1 ita ce farawa, 6 da 2 kuma na abokin karawarsa. Yaron ya ba ɗaya daga ƙananan maɓallan nan aikin, ya rubuta KWABO da biro a ƙarƙashinsa, shi da bai taɓa sayen kome da kwabo ba tun da aka haife shi.

Jerin manyan maɓallan shida ya bi na Street Fighter II, sahun sama naushi uku, ƙarami da matsakaici da babba, su ne 1 da 2 da 3, sahun ƙasa shuri uku, 4 da 5 da 6. Wasannin Neo Geo, injin da kamfanin SNK ya fitar a 1990, maɓalli huɗu su ke so a jere, Mortal Kombat na farko kuwa biyar, da na kariya a tsakiya. Irin waɗannan ne a ke buɗe wa rajista ta biyu.

Akwai wani tarko wanda mai zama inda wuta ba ta ɗaukewa ba zai kula da shi ba, amma mu dole mu kula. MAME ba ta ajiye abin da ka rubuta sai sa'ad da ka fita daga wasan ta hanyar da ta dace, watau ka danna Esc. Batirin tsohuwar kwamfutar malamin ya daɗe da mutuwa, a jikin soket ta ke rayuwa. Yaron ya ce ran nan ya gama cika rajistar mutum ɗaya tsaf, ya tsaya gwadawa, aka ɗauke wuta, da ta dawo ya tarar ba kome. Tun daga ran nan in ya gama rubutu sai ya fita tukuna, ya sake shiga. Abin da aka rubuta yana zama cikin wata jaka mai suna cfg, na gaba ɗaya a default.cfg, na ko wane wasa da sunansa. Ya kan kwafe jakar ya ajiye a filashi. In kuma rajistar wani wasa ta dagule har ba a san kanta ba, sai a share takardarsa kawai, manhajar ta koma yadda ta zo.

Sauran ƙananan abubuwa mu taɓa su a gurguje. Pac-Man da Donkey Kong na 1981 an yi su ne da sanda mai fuska huɗu, ba su san kusurwa ba, don haka da sanda mai takwas sai ka ga abin ya ƙi shan kwana daidai lokacin da a ke binsa. A ƙarƙashin sandar Sanwa akwai wani faranti mai rami wanda ke iyakance tafiyarta, in aka juya tsakiyarsa sai ta koma mai huɗu. Wanda ya haɗa da talabijin na zamani ya nemi inda aka rubuta Game Mode ya kunna, domin wasannin nan suna sauya hoto wajen sau 60 a daƙiƙa, jinkirin hoto uku ko huɗu ya isa a kayad da kai. Mai allo irin na haruffa ya kashe Sticky Keys na Windows, gama maɓalli na 4 Shift ne, in an danna shi sau biyar a jere sai wani shafi ya faɗo tsakiyar dambe. Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gabar makunni ce, a rufe akwatin da ƙyalle in an gama.

INDA GIZO KE SAƘA

Da muka gama kallo muka tambayi yaron me ya ke nufin yi da akwatin. Ya ce so ya ke ya ƙara gefen mutum na biyu, ya sami talabijin, ya kama ɗan shago a bakin hanya, yara su riƙa biya suna bugawa. Muka ce wasannin fa, ina ya samo su? Ya ce wani abokinsa ne ya zuba masa a filashi, sun fi ɗari.

A nan ba mu ɓoye masa ba, ba kuma za mu ɓoye wa masu karatu ba. MAME kyauta ce, amma wasannin ba nata ba ne, kuma ba ta zuwa da su. Dukiyar kamfanonin da suka yi su ce, ko ta waɗanda suka gaje su, tsufa bai fid da su daga hannun masu su ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa har da manhajar kwamfuta cikin abin da ta ke karewa. Cewa kowa na yi ba hujja ba ce a gaban alƙali, balle a gaban Allah, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Akwai hanyoyi na halal. A shafin MAME na intanet akwai 'yan wasanni, irin su Gridlee da Robby Roto, waɗanda masu su suka yarda a ɗauka kyauta, amma bisa sharaɗin ba don ciniki ba. Kamfanoni kuma suna sayad da tsofaffin wasanninsu a haɗe, kamar yadda Capcom ya tara Street Fighter guda 12 a 2018, akwatin yaron kuwa zai iya aiki da irin waɗannan. Sai dai ko su ɗin don wasa a gida a ke sayad da su.

Malamin ya ƙara da nasa tsoron, wanda mun ga ya fi namu kusa. Ya ce duk inda yara biyu ke karawa ga 'yan kallo, ba a daɗewa wani zai ce na sa kaza a kan wane, daga nan an shiga caca. Ya ce ya ga ɗalibansa da ke tsallake darasin bayan tara suna irin waɗannan ɗakuna, ba ya so a ce ɗan gidansa ne ya buɗe wani. Yaron ya yi shiru yana murza ƙwallon sandar.

Abin da muka gaya wa malamin a zauren nan shi ne za mu maimaita, tun da a jarida ya yi tambayar. Kada ya hana shi akwatin. Maganar shago da wasannin filashi ita ce za a ajiye. A cikin wata biyun nan da malamin ke kuka da su, yaron ya koyi awo da milimita, ya koyi like waya da dalma, ya san aikin mita, ya iya rarrabe ciwon waya da ciwon manhaja, ya kuma koyi ajiye kwafe. Akwai masu takardar shaida da ba su iya rabin wannan ba. In akwai abin sayarwa a nan, akwatin ne, domin shi ne aikin hannunsa, ba mai binsa bashin kome a kai, kuma yana aiki da wasannin kwamfuta da dama da ke karɓar hannun USB. Wanda ya iya gyara makunnin maɓalli kuwa ba zai rasa abin yi ba a garin da ko wace unguwa ke da ɗakin wasa cike da matattun hannuwa. Muka ce kuma a sa masa lokaci, ban da lokacin salla, ban da lokacin bitar jarrabawar shiga jami'a da ke gabansa.

Malamin bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya jawo akwatin gabansa, ya danna maɓalli guda yana kallon da'irar tana haskawa tana mutuwa, ya sake dannawa. Can sai ya ce wa yaron, "Kai, wannan ai shi ne darasin da na ke zana wa 'yan aji ɗaya a allo da alli, hanya a buɗe, hanya a rufe, ba su ganewa. Ran Litinin ka kawo mini shi makaranta, da marfin a kwance."

Yaron ya ce, "To, Kawu. Amma da kwamfutar za a tafi, in ba haka ba ba za su ga hasken ba."

Da za mu tashi ya nuna mana abin da ya rage masa. Ya aro allo na biyu irin nasa don gwada gefen mutum na biyu, sai ya ga wani lokaci in an kunna kwamfutar sun yi musanya, na hagu ya zama na dama, domin sunansu ɗaya ne a wurin Windows, ba ta rarrabe su. Ya sa wa ko wace waya alama da jan zare da baƙi, ya daina cire su daga kafofinsu, ya ce abin ya ragu amma bai daina ba. Muka gaya masa akwai allo guda mai ɗaukar mutum biyu, wanda ba ya wannan rikici. Ya rubuta a bayan littafinsa, ƙarƙashin maɓallai takwas da sanda guda da ya ke tara kuɗinsu.